Tsawon tiyon regileta da hanyar da zai bi a jikin mai nutso

Kafin ka sayi tiyo ko guda ɗaya, akwai tambayar da sai ka amsa ta: idan iskar abokin nutsonka ta ƙare a ƙarƙashin ruwa, ya taho gabanka yana yi maka alamar yanka a wuya, wanne za ka miƙa masa? Abin shaƙar da ke bakinka, ko na ajiya da ke rataye a ƙirjinka? Amsar wannan ce ke yanke tsawon tiyo biyu mafi muhimmanci a kayanka. Wanda za a miƙa wa wani shi ne dogo, wanda zai zauna a bakinka shi ne gajere. Sauran lissafin duk daga nan yake tasowa. Yawancin tarkacen da ake gani a jikin masu nutso, tiyo ya yi baka a gefen kai, geji mai nuna iskar da ta rage yana jan ƙasa a kan murjani, asalinsu mutum ya karɓi abin da aka haɗo masa daga kanti bai taɓa yi wa kansa wannan tambayar ba.

Abin da ke kan tukunya

Regileta, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iskar tukunya da ita, kashi biyu ce. Mataki na farko shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin tukunyar iska. Aikinsa ya sauko da matsin tukunya, wanda kan kai bar 200 ko 232 (bar ma'aunin matsi ne), wani lokaci 300, zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da kake ciki. Mataki na biyu shi ne na baki, wanda ke ƙara sauko da iskar daidai yadda huhu zai iya ɗauka. Tiyo ne ke haɗa su.

A jikin mataki na farko akwai kafofi iri biyu. Na ƙaramin matsi, galibi huɗu ko biyar, tiredinsu inci 3/8 ne, kuma su ke ciyar da na baki, da na ajiya, da rigar iska mai daidaita tashi da nutsewarka a ruwa wadda ake kira BCD, da rigar da ruwa ba ya shiga idan kana sa ta. Na babban matsi, ɗaya ko biyu, tiredinsu inci 7/16 ne, an buga musu HP a gefe, kuma geji ne kawai ko na'urar aika saƙo zuwa kwamfutar hannu ke shiga nan. An bambanta girman tiredin da gangan, don ba a yi tiyon ƙaramin matsi domin bar 200 ba, yana iya fashewa. Wasu tsofaffin regiletoci suna da tiredi iri ɗaya a duka kafofin, wasu kamfanoni kuma suna da kafa guda mai inci 1/2 domin na baki. Idan taka tsohuwa ce ko ta hannu ka saya, karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen kafin ka murɗa komai.

Ƙa'idar gefe ba ta da wuya. Abin shaƙa yana fitowa ta dama, domin kusan duk na baki ta dama tiyo ke shigarsu. Tiyon riga da na geji suna fitowa ta hagu. Kada tiyo biyu su gitta juna a bayan kai.

Tsarin da aka saba

Shi ne za ka tarar a shagunan haya na Sharm el-Sheikh da Hurghada da Dahab a ƙasar Masar, kuma da shi ake koyar da mafi yawan masu farawa. Na baki yana kan tiyo mai santimita 70 zuwa 80, ya haye kafaɗar dama ya zo baki. Na ajiya, wanda ake kira oktofus, yana kan tiyo mai santimita 90 zuwa 100, yawanci ruwan ɗorawa don a hango shi. Yana bi ta ƙarƙashin hammatar dama, a maƙala shi a gaban jiki tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari na dama da na hagu. A wannan fili ne idon mai neman iska zai fara sauka, kuma hannunka biyu duk suna kaiwa wurin.

Amfaninsa kowa ya san shi, ko da wa aka haɗa ka a jirgi. Amma yana da raunin da ya kamata a faɗa a fili. Na ajiya ba a shaƙarsa a lokacin nutso, saboda haka idan ya suɓuce daga maƙalinsa ya yi ta jan yashi, ko ya lalace, ba za ka sani ba sai ranar buƙata. Na biyu, wanda iska ta yanke wa ba kullum yake tsayawa neman mai ruwan ɗorawa ba. Sau da yawa wanda ya ga kumfa na fita daga gare shi zai fizga, wato na bakinka, sai ku manne fuska da fuska a kan tiyo mai santimita 75, kai kuma kana laluben na ajiya.

Idan wannan tsarin za ka bi, abubuwa biyu ne za su gyara shi. Maƙalin oktofus ya zama mai saki da ja ɗaya, kamar zoben roba da ke riƙe bakin, ba ƙugiyar da sai an danna da yatsa ba, kuma ba a cusa shi cikin aljihu mai zif. Sannan ka lura da fuskar da zai kalla idan ka miƙa shi. Tiyon da ya fito daga damarka, in ka miƙa shi kai tsaye ga wanda ke fuskantarka, ko dai ya isa gare shi a kife, ko tiyon ya lanƙwashe ya cinye tsawonsa. Na baki in yana kife ruwa yake tarawa, domin kafar fitar da iska ta koma sama, kuma kurɓar ruwa ɗaya ta isa ta firgita wanda dama a tsorace yake. Shi ya sa santimita 100 ya fi 90, yana ba da sararin lanƙwasa. Wasu suna fito da oktofus ta hagu don ya isa wa mai karɓa a miƙe. Hakan yana aiki, sai dai in kai ne za ka shaƙe shi zai zo maka a karkace, kuma gefen hagu ya riga ya cika da tiyon riga da geji.

Miƙa na baki: santimita 100 a ƙarƙashin hammata

Ga mai nutso a buɗaɗɗen ruwa da tukunya ɗaya, wannan ne muke ganin ya fi dacewa. An juya lissafin: wanda kake shaƙa shi ne za ka bayar, saboda haka shi ke kan dogon tiyo, santimita 100 zuwa 110. Tiyon yana fitowa daga kafar da ke kallon ƙasa a dama, ya bi ƙarƙashin hammata, ya hau ƙirji zuwa baki. Tunda daga ƙasa yake zuwa, ana sa masa gwiwar ƙarfe mai digiri 90 ko 110 a inda ya haɗu da na baki, in ba haka ba zai riƙa murɗa maka muƙamuƙi.

Na ajiya kuma yana kan gajeren tiyo mai santimita 55 zuwa 60, ya haye kafaɗar dama, a rataye shi a wuya da igiyar roba mai kaurin milimita 3 zuwa 5, ya zauna a ƙarƙashin haɓa. Tsawon igiyar ya zama daidai yadda in ka sunkuyar da kai za ka kusa cafko shi da baki, amma kada ya hana ka duba ƙasa. Ranar buƙata, hannun dama ya kama tiyon ya miƙa wa abokinka abin da ka tabbatar yana aiki daƙiƙar da ta wuce, hannun hagu ya ɗago na wuya zuwa bakinka. Ba lalube.

Gwiwar nan ƙarin mahaɗa ce, mai nata zoben roba, don haka wuri ne da iska za ta iya zuba. A duba ta duk lokacin da ake duba kumfa. Gwiwa tsayayya ta fi mahaɗa mai juyawa ta ko'ina aminci, saboda sassanta ba su da yawa.

Wanda rigarsa ke da na ajiya haɗe da maɓallin hura riga, irin AIR2 na kamfanin Scubapro, ya sani cewa yana cikin wannan rukuni ko bai yi niyya ba. Na bakinsa zai bayar, don haka tiyo mai santimita 75 bai ishe shi ba, ya nemi 90 zuwa 100. Kuma bakin tiyon da ke ciyar da irin wannan na'ura ya bambanta da na sauran riguna, ba a samun madadinsa a kowane jirgi.

Dogon tiyo: santimita 150 da 210

Wannan ya fito ne daga masu nutso a kogunan ƙarƙashin ruwa na jihar Florida a Amurka. A wurin da ya yi matsatsi mutum biyu ba za su jera ba, dole ɗaya ya shige gaba ɗaya ya bi baya, kuma tiyon ya kai tsawon jikin na gaba. Daga nan aka samo ƙafa 7, wato santimita 210. Ƙungiyar horar da masu nutso ta GUE da aka kafa a 1998 ta yaɗa tsarin har zuwa nutson shaƙatawa. A buɗaɗɗen ruwa ma yana da daɗi: kowa yana da sararin daidaita rigarsa, ana iya yin iyo kafaɗa da kafaɗa a koma wurin igiyar jirgi, a hau a hankali wajen mita 9 a minti, a yi tsayuwar minti 3 a mita 5 ba tare da ana harbin juna ba.

Hanyar mai 210 ita ce: daga kafar dama mai kallon ƙasa, ya sauka ta bayan kafaɗar dama a gefen tukunya har ƙugu. A ƙugun dama ya bi ƙarƙashin gwangwanin batirin fitila, ko kuben wuƙa, ko a cusa rarar a cikin ɗamarar ƙugu. Daga nan ya ratsa ƙirji ya hau kafaɗar hagu, ya zagaya ƙeya, ya shigo baki ta dama. Mai 150 ba ya sauka ƙugu: ƙarƙashin hammatar dama, ƙirji, kafaɗar hagu, ƙeya, baki. Tiyon bai naɗe wuya ba, rabin zagaye ne ta baya, kuma da ka sunkuyar da kai ka ɗaga hannu sai ya zame.

Inda ake samun matsala shi ne tarko. Dogon tiyo shi ne na ƙarshe da ake sawa, bayan igiyar wuya, bayan an haɗa tiyon rigar da ruwa ba ya shiga, bayan an ɗaure ɗamarar ƙirji. In ka sa shi kafin ɗaya daga cikinsu, ya shiga ƙarƙashi, ranar miƙawa santimita 40 kawai za su fito. Saboda haka kafin kowane nutso ana warware shi gaba ɗaya a miƙa hannu a gani, sannan a mayar. Bututun shaƙar iska na saman ruwa da ke maƙale a gilashin fuska yana kama tiyon ya tuɓe maka gilashi, don haka a naɗe shi a aljihu. Ana ɗaura ƙaramar ƙugiyar ƙarfe a tiyon dab da na baki, don duk lokacin da ba ya bakinka a maƙala shi a zoben ƙirji na dama. In ba haka ba zai faɗi a daɓen jirgi wani ya ɗora masa tukunya.

Mai faɗin ƙirji ko mai kaurin riga, 150 zai shaƙe shi ya hana shi waiwayen hagu, sai ya nemi 180 ko 210. Siririn mutum ko gajere da ba shi da abin riƙe rara a ƙugu, 210 zai yi masa lilo. Rigar iska mai manyan aljifai a gefe ba ta karɓar 210 da kyau, an yi shi ne domin farantin baya da ɗamara. Kuma kada wanda bai koyi warwarewa da mayarwa a wurin malami ba ya shiga teku da shi.

Tiyon riga da na geji

Tiyon hura riga ana auna shi ne da bututun riga mai ƙwarya-ƙwarya da ke kafaɗar hagu. Galibi santimita 55 zuwa 65 ne. Ya bi gefen bututun a ɗaure su tare da zoben roba ɗaya ko biyu. In ya gaza, ba za ka iya ɗaga bututun sama sosai ka saki iska ba, kuma zai riƙa jan maɓallin baya. In ya yi yawa, zai yi baka a saman kafaɗa. Abin da ya fi komai a nan: hannunka ya iya cire shi a cikin ruwa, da safar hannu in kana sawa. Maɓallin hurawa yana iya maƙalewa saboda gishiri ko yashi, riga ta yi ta cika tana janka sama, kuma maganin shi ne sakin iska da cire tiyon nan take.

Geji da ke cikin babban gida tare da kamfas yana zuwa da tiyo mai santimita 80 zuwa 90. Wannan in ba a maƙala shi ba shi ne ke karya murjani, yana shiga tsakanin duwatsu, yana kama tsanin jirgi. A bi da shi ƙarƙashin hammatar hagu a maƙala a gaba. Wanda ke da kwamfuta da kamfas a hannu, geji tsura ya ishe shi a kan tiyo mai santimita 60 zuwa 65, ya sauka a miƙe ta gefen hagu a maƙala shi a zoben ƙugu. Awonsa: ka cire shi ka ɗago gaban ido ka karanta ba tare da ka ja ba, in ka mayar kuma kada ya yi ciki a waje. Na'urar aika saƙo zuwa kwamfuta gara a sa ta a kan ɗan tiyo mai santimita 15, domin in tana tsaye a jikin ƙarfen, ma'aikacin jirgi zai ɗauke ta mariƙi ya ɗaga tukunya da ita.

Awo a jikinka

Duk alƙaluman nan mafari ne. Tsayin mutum, kaurin riga, da inda tukunya ta zauna a baya suna sauya su da santimita 5 zuwa 10. Ka haɗa kayanka a kan tukunya, ka sa rigar da za ka yi nutso da ita, ka tabbatar bawul yana inda ka saba, inda in ka ɗaga kai ƙeyarka ba ta bugun ƙarfe. Wani ya riƙe igiya a bakin kafar da za a yi amfani da ita, ya bi da ita hanyar da tiyon zai bi, ya yi alama. Tiyo ba ya lanƙwasa kamar igiya, don haka a bar kwana mai faɗi. Ana auna tiyo daga ƙarshen ƙarfe zuwa ƙarshen ƙarfe.

Bayan an ɗaura, ga gwajin na baki: ka sassauta haƙora, ka waiwaya hagu iyaka, ka waiwaya dama iyaka, ka duba sama da ƙasa. In a waiwayen hagu yana ƙoƙarin fita daga bakinka, ya gaza. In a waiwayen dama yana tura maka kunci, ya yi yawa, ko kafar da aka zaɓa ba ita ba ce. Ciwon muƙamuƙi bayan nutso da cizon robar baki har ta yage, sau da yawa laifin tiyo ne. Ka maimaita gwajin a kwance a ruwa mara zurfi, domin tukunya tana matsowa sama idan nauyinta ya bar kafaɗa.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada sauya kafa ko juya mataki na farko sama ko ƙasa. Mai kai mai juyawa, musamman wanda ke da kafa ta biyar a ƙarshensa, yana ba dogon tiyo damar sauka a miƙe.

Ɗaurawa

A rufe bawul, a danna na baki iska ta fice har geji ya koma sifiri, a cire regileta daga tukunya. Murfin kafa ana kwance shi da alanki, yawanci milimita 4 ko inci 5/32. A duba zoben roba na sabon tiyo: lamba 011 a kafar ƙaramin matsi, 012 a ta babban matsi, 010 a ƙarshen da ke shiga na baki, da ƙananan 003 guda biyu a ɗan sandan da ke cikin mahaɗar geji. A shafa masa man silikon kaɗan, ya yi sheƙi kawai. In kana amfani da iska mai yawan oksijin, sai man da aka yi domin oksijin.

A fara murɗawa da hannu har ya zauna. In ya yi tauri tun zagayen farko, tiredi ya hau karkace, a warware a sake. Sannan a ɗan matsa da sifana, wajen nitan-mita 4 zuwa 5. Zoben roba ne ke tare iska, ba ƙarfin hannu ba, kuma ƙarfen tagulla ne mai laushi, yawan matsi yana cinye tiredi. A ƙarshen na baki sifana biyu ake sawa: ɗaya ta riƙe notin da ke jikin na bakin, ɗaya ta juya na tiyo. In aka yi da ɗaya, sassan ciki suna juyawa, saitin ya ɓaci, ko gidan roba ya tsage. Duk kafar da aka bari a mayar mata da murfinta. Bayan haka a buɗe bawul a hankali, fuskar geji tana kallon gefe, a tsoma duka cikin ruwa a nemi kumfa a kowace mahaɗa.

Roba ko saƙa, da lokacin canji

Tiyon roba ya fi nauyi da tauri, amma yana zama inda aka ajiye shi, ba ya cin fatar wuya, shi ya sa da yawa suka fi son sa a dogon tiyo. Mai saƙar zare a waje, irin na kamfanin Miflex, ba shi da nauyi kuma yana lanƙwasa, ya dace da gajeren tiyon wuya da na riga, sai dai yana tasowa sama a ruwa, yana iya karyewa a kwana ya rage iska, kuma saƙar tana goge ƙeya. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ja hankali kan wasu masu saƙa da shimfiɗar cikinsu ke rugujewa ta zama ɓarɓashi kamar na kyandir, musamman a ƙasashe masu zafi da laima, har ya toshe na baki alhali wajen tiyon yana nan kamar sabo. Wanda ke ajiye kaya a zafi irin na Jidda ko Port Sudan ya riƙa matsa tiyon da yatsu daga farko zuwa ƙarshe, in ya ji gurɓi ko ƙaras-ƙaras a ciki ya jefar. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce canji bayan shekara 5 ko nutso 500, duk wanda ya riga zuwa.

Mutane sun fi tsoron fashewar tiyon geji saboda ƙararsa, alhali ramin da ke ciyar da shi kamar na allura ne, cikakkiyar tukunya mai lita 11 takan ɗauki wajen minti 20 kafin ta ƙare ta nan. Tiyon ƙaramin matsi in ya tsinke, ƙasa da minti 2 ya kwashe ta. Saboda haka na baki da na ajiya da na riga su ne za a fi sa wa ido. A ja robar kariya da ke rufe mahaɗa baya a leƙa, domin a ƙarƙashinta gishiri ke taruwa, tsatsa da tsagewa su ɓuya. Kumburi, tsagewa, zare da ya fito, ko ƙananan kumfa a jikin tiyo, duk alamar canji ne a ranar, ba a liƙe tiyo da salatif. A wanke da ruwan daɗi bayan kowane nutso, a shanya a inuwa, a naɗe da faɗi ba tare da an karya shi a gindin ƙarfe ba.

Duk tsarin da ka zaɓa, kafin ku shiga ruwa ka nuna wa abokin nutsonka da hannu wanda za ka ba shi da inda yake, shi ma ya nuna maka nasa, kowa ya ja numfashi uku ko huɗu daga na baki da na ajiya yana kallon allurar geji. In allurar ta yi ƙasa ta dawo a kowane numfashi, bawul bai buɗe sosai ba, a gyara kafin a sauka.